Ƙofa Biyu, Shago Ɗaya

"To Malama, in ba da jarrabawa ba, da me za a tantance mutane? Da tsawo?"

Goggo, ki yafe mini, na buɗe miki takarda da bakin wata ɗalibata tun ban gaishe ki ba. A bakin aji ta tare ni da tambayar, jakata a kafaɗa. Na ce mata ta je ta ƙara karatu, wato abin da malami yake faɗa in an ƙure shi.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da ƙafar da kunnen. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon wuya na masu duba takardu.

Saƙonki ya iso. In na fahimce ki, tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, shagonsa na kafinta ya wayi gari da shugaba biyu. Yaya yana cewa shi ne babba, kuma bai taɓa barin shagon ba. Auta yana cewa shi ya yi kwalejin fasaha, ya yi aiki a kamfanin kujeru, ya dawo da injin yanka da sababbin dabaru. Wannan ya ce a yanka, wancan ya ce a dakata, ma'aikata suna tsaye da katako a hannu suna kallon rufi. Kin ce in ba da shawara tunda ni ce mai karatu.

Kin yi sa'a, abin da nake koyarwa ke nan a zangon nan: tarihin yadda mutane suka fara cewa a ba wanda ya cancanta, ba ɗan wane ba. A ƙasar Sin ta dā, mai son aikin sarki sai ya zana jarrabawa. A sa shi a wani ɗan ɗaki kamar akurki, shi da tawada. In ya gama a liƙe sunansa, magatakarda ya sake kwafe amsar, don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗan abokinsa. Wasu suna faɗuwa suna komawa har furfura ta cim musu.

Don haka ga shawarar mai karatu. Ki ware kowannensu, ki ba shi katako da zarto, ki hana shi sa suna a jikin aikin, sannan ki nemo alƙalin da bai san hannun kowa ba. Wanda ya ci ya ɗauki shago, wanda ya faɗi ya dawo in ya yi furfura. Su ma fara da ƙofar ɗakin Baba, wadda take kuka tun ina firamare. Mutum ya yi wa rabin unguwa ƙofofi, tasa kuwa in an buɗe ta sai maƙwabta su san an shiga.

Ki gaishe su duka. Ki ce wa Auta ya rage ɗaga murya, Baba ba shi ne mai ciwon kunne ba.

'Yarki.

*

'Yata Farfesa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta, kunne kuma ya hutar da ni daga surutun mutane. Kada ki ɓata kuɗinki kina kirana a waya, bakinki kawai nake hasashe. Babanki da sauƙi. Yana cin abinci, yana gane kowa. Maganar ce dai har yanzu sai Yayanku ya fassara mana, shi kaɗai yake jin abin da yake cewa.

Na tara su a ɗakin Babanku na karanta musu takardarki. Tun ban kai ƙarshe ba Auta ya ce ya yarda, da ƙarfin da har ni na ji. Yayanku yana zaune yana murza wa Babanku hannu da man zafi, bai ɗago ba. Can ya ɗago, na karanta a bakinsa: "Tunda ita ta faɗa." Babanku ya motsa baki, Yayanku ya yi mini alama cewa dariya ce.

Ga yadda na tsara. Da kaina na je na zaɓo katako, iri ɗaya, bushewa ɗaya. Awo ɗaya, na ƙofar Babanku. Auta yana aiki a bayan shago in an tashi. Yayanku yana yi a rumfar gida don ya riƙa jin Babanku in ya kira. Ba mai taya kowa, ba fenti, ba suna. In sun gama, ma'aikata za su kafa su a baranda a lulluɓe.

Alƙali kuwa ke ce. Ba ki san hannun kowa ba, rabonki da shiga shagon tun kina ɗaukar garin katako kina cewa shinkafa ce. Amma kina da ido, kowa ya sani. Duk gidan nan ba wanda za su yarda da bakinsa sai ke, tunda ke ce ba ki taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Ki zo a hutun nan. Ki taho mini da irin maganin shafawar nan na ƙafa.

Goggonki.

*

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Ki yi haƙuri da daɗewata. An tura ni duba ɗalibai a wasu makarantu na nesa, takardarki tana kwance a ofis ƙarƙashin tulin wasu, sai jiya na gan ta. A tsaye na karanta, sannan na nemi wuri na zauna.

Goggo, wasa nake yi. Tsokana ce irin wadda na saba yi miki. Ban taɓa zaton za a karanta ta a gaban Baba kamar hukuncin kotu ba.

Tunda an ɗauki rabin darasin, bari in ba ki sauran. Gaskiya ne a ƙa'ida ɗan manomi yana iya shiga waccan jarrabawar. Amma karatunta yana cin shekaru, kuma duk shekarun nan wani ne yake noma yana ciyar da mai karatun. Magatakarda yana iya ɓoye rubutun hannu, ba ya iya ɓoye wanda ya samu sararin zama ya koya. Daga baya wasu ƙasashe suka ari tsarin, don sun gaji da ba 'ya'yan manya aikin gwamnati ko da ba su iya komai ba. Wannan gyara ne, ban musa ba, ni ma da shi nake cin abinci. Sai dai ya zo da wani sabon abu. A dā in an danne mutum, yana iya cewa an danne shi. Yanzu sai a miƙa masa sakamako a ce, ga shi, kai ne ba ka kai ba.

Mutumin da ya yi fice da laƙaba wa tsarin nan sunan da ake kiransa da shi yau, mulkin masu cancanta, gatse yake yi. Gargaɗi ya rubuta, mutane suka karanta suka ce madalla, haka za mu yi. Ya rayu har ya ji 'yan siyasa suna alfahari da kalmar. Duk shekara ina ba ɗalibai labarinsa ina yi masa dariya. Bana ba na jin zan yi.

Ki duba yinin su biyun. Yaya ne yake tada Baba, ya yi masa wanka, ya juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ya ba shi abinci cokali-cokali, ya kai shi gashin ƙashi a asibiti. Kin ce a rumfa yake aiki don ya ji kira. Wato duk sanda ya ɗora zarto, kunnensa yana wani wuri. Auta kuwa yana da fitila, da inji, da barcinsa cikakke. Katako ɗaya ne, awo ɗaya ne, amma ba yini ɗaya aka ba su ba.

Don Allah ki dakatar da abin nan. Ki ce musu na janye. Ki ce Farfesa ba ta san abin da take faɗa ba, ba wanda zai yi mamaki a cikin abokan aikina.

'Yarki.

*

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Babanki ya yi mako mai wuya, zazzaɓi ya kama shi, amma ya sauka, alhamdu lillahi. Ƙafata ba sabon labari.

Kina tsammani ban gane wasa ba ne? Ni na yi miki wankan farko. Kurma ce ni, ba wawuya ba. Na san tsokana kike yi, na ga kuma a cikin tsokanar akwai abin da ya fi duk shawarar da masu hankali suka ba ni. Sai na ɗauka.

Kin ce ba adalci. To a koma ga me? Ga wanda ya riga wani zuwa duniya? Na san wannan tsarin, a cikinsa na girma. Shagon nan na kakanku ne. Ina yarinya ina shiga ina haɗa durowa, in tura ta ta shige kamar an shafa mai. Babanki a lokacin ƙusa ma lanƙwashe masa take yi. Kakanku yana nuna wa baƙi aikina yana dariya, kamar akuya ce ta yi magana. Da lokaci ya yi, ba a ko yi shawara ba, aka ba namiji, ni aka tura ni koyon aikin jinya. Ban yi asara ba, Babanki kuma ya koya daga baya, ya zama gwani. Amma da an kafa ƙofa biyu a lulluɓe a wannan ranar, da na so. A ƙasar Sin ɗin taki ma, mata suna shiga? Na san amsar, ba sai kin rubuto ba.

Ke kuma, wace ƙofa kika bi kika fita daga gidan nan in ba jarrabawa ba? Yanzu da kika haye kike leƙowa kina cewa gadar ba ta da kyau.

Akwai abin da ban faɗa miki ba don kada in ci naman Yayanku. Sau nawa ana dawo da aikinsa a bana. Wata mata ta dawo da kabad, murfin ba ya haɗuwa. Masu makarantar da suka saba ba mu aikin benci sun koma wani wuri. Akwai magidanta da suke ci daga shagon nan, su ma suna da iyaye marasa lafiya. Tausayin Yayanku ba zai cika musu tukunya ba.

Duk da haka na kai masa maganarki. Na ce Farfesa ta ce a fasa. Ya ajiye samfefa ya rubuta mini a jikin guntun katako, don ya san ba zan ji ba: "Ki ce mata ta zo."

An gama ƙofofin. Muna jiranki. Kada ki manta da maganin.

Goggonki.

*

Goggo,

Assalamu alaikum. Daga tasha nake rubuta miki, motar ba ta cika ba. Direban da ya saba kawo miki saƙo zai miƙo miki. Na leƙa ɗakinki da safe na tarar kin koma barci, ban tashe ki ba. Maganin yana kan tebur kusa da tabaranki. Ina fata ƙafar ta lafa bayan tsayuwar jiya.

Kin ga abin da ya faru jiya, amma ba ki ji ba, kuma na lura kowa yana kauce wa rubuta miki. Tunda ni na fara, bari in ƙarasa.

Kafin a yaye lulluɓin na sami Yaya a rumfa yana share garin katako. Ya dube ni ya ce, "Farfesa, kin rame. Ashe cin jarrabawa ba ya sa ƙiba."

Na ce, "Yaya, ka ce ka fasa. Ni kuma in ce ban iya ba, kowa ya huta."

"Ki iya mana," in ji shi. "Kin san abin da yake ci mini rai? Duk mai yabona a gidan nan da haƙuri yake yabona. Yayanku akwai haƙuri, Yayanku akwai biyayya. Ban taɓa jin an ce Yayanku akwai hannu ba. Ina so in ji, ko da a'a ce."

"Ai ba a ba ku lokaci ɗaya ba."

"Na sani. Mai sayen ƙofa yana tambayar wa ya yi barci?" Ya jingine tsintsiyar. "Kuma kada ki zaɓi tawa don tausayi. Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai kin taɓa kunne. Ina kallonki."

Sauran kin gani. Ƙofar da take dama, na shafa ta ban ji inda katako ya haɗu da katako ba. Na tura ta da ɗan yatsa ta tafi, na sake ta ta dawo ta zauna a mazauninta. Ta hagu ƙofa ce mai ƙarfi, za ta fi ni daɗewa a duniya. Amma gam ya bushe a kusurwa ɗaya ba a goge ba, ƙasanta kuma yana ɗan shafar siminti. Kin ga na sunkuya ina duba mariƙinta na daɗe. Ba dubawa nake yi ba. Ƙamshin man zafi ne ya bugi hancina, ya shiga cikin katakon. Kin hana suna, kin hana fenti, kin yi duk abin da magatakardan Sin suka yi. Su ma ba su yi tunanin hanci ba.

Don haka alƙalinki da bai san hannun kowa ba ya sani sarai. Na tsaya hannuwana biyu a naɗe a ƙirji don kada ɗaya ya tafi kunne. Na nuna ta dama. Auta ya yi ihu, ya tuna, ya haɗiye sauran. Yaya ya miƙa masa hannu. Ke kika gyaɗa kai kika tafi ki kwanta.

Bayan tafiyarki Auta ya cire tsohuwar ƙofar Baba ya kafa tasa. Muna ciki mu uku, ni da shi da Yaya, Baba yana jingine da matashi yana kallon aikin. Auta, Allah ya sani, ya yi ƙoƙari. Ya ce, "Yaya, ai ba abin da zai canza. Kana nan a shago, ni dai in riƙa tsara aiki."

Yaya ya ce, "A'a, Auta. Wanda ya faɗi ba ya zama a aji yana kallon allo." Sai ya faɗa mana wani ɗan kwangila da yake gina makarantu a can nesa ya daɗe yana nemansa, aikin tagogi da rufi. Shi kuma ya ce wa mutumin ya jira sakamako. Ƙarshen wata zai tafi da iyalinsa.

Auta ya tsaya da guduma a hannu. "To Baba fa?"

"Ga shi nan. Ba ya son ruwa mai zafi sosai. Ta ɓarin dama ake ɗaga shi. In ya ƙi cin abinci kada ka matsa, ka ba shi labarin shago, zai buɗe baki."

"Yaya, ni da shago a kaina, yaushe zan..."

"Haka ne," in ji Yaya. "Shago yana son mutum gaba ɗayansa. Ai abin da ƙofar ta nuna ke nan."

Ba da fushi ya faɗa ba, Goggo, da ma da fushi ne. Sai ya juyo wurina yana murmushi. "Farfesa, a ƙasar Sin ɗin, akwai jarrabawar wanda zai yi wa tsoho wanka?"

Na ce ban taɓa karantawa ba.

"Haka na zata. Da akwai, da ke za ki ci. Ba ki taɓa faɗuwa ba."

A nan Baba ya yi magana. Doguwa ce, ya ɗaga hannunsa mai lafiya, jijiyar wuyansa ta tashi. Ni da Auta muka juya ga Yaya kamar yadda kowa ya saba. Yaya ya dubi Baba, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ban gane ba." Ya ɗauki kwanon wanka ya fita.

Ban ce hukuncin kuskure ne ba. Ƙofar Auta ta fi, ko yau aka sake kafa su ita zan nuna. Magidantan shago za su ci abinci. Yarinyar da ta haɗa durowa ta sami ranarta, ko da a makare, kuma ban ga laifinta ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mun auna abin da yake aunuwa, mun auna shi daidai, sai ga shi abin da ya riƙe gidan ba ya cikin awon. Ba wanda ya taɓa neman a yi takara a kansa, don ba wanda yake son ya ci.

Na san tambayar da za ki yi, don haka ga amsa. Na yi tunanin zama. Na zauna da tunanin har shayina ya huce. Jibi ɗalibaina suke fara jarrabawa, ni ce mai tsaron ɗaki, ni ce mai dubawa. Yarinyar nan mai tambaya tana cikinsu, kuma za ta ci, don tana da kai, tana kuma da wata yaya a gida da take dafa mata abinci. Zan nemi mai jinya da za a ɗauka, zan aiko da abin da ya samu. Na san ba shi Yaya ya tambaya ba.

Da safe na shiga yi wa Baba sallama. Idonsa a rufe, amma ba barci yake yi ba, na san numfashinsa. Kin tuna yadda yake gane kowa da kukan tsohuwar ƙofar? In Yaya ne ta yi gajeren kuka, in Auta ne ta yi ƙara, in ni ce ya ce ga mai sanɗa nan. Na tsaya a bakin gado da jakata. Na ce, "Baba, zan koma." Bai motsa ba. Wataƙila muryata ba ta fita ba.

Na fito na ja ƙofar Auta. Ta bi hannuna ta rufe, ko ƙas ba ta yi ba. Na ɗan tsaya a baranda ko zai kira. Ban san ko ya san na fita ba.

Direba yana kira, an cika.

'Yarki.